Fillancin Ɗan Fari

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Wata huɗu ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ban ji shi a bakinta ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce, daga rugagen da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi aka auro ta. Kunyar ɗan fari da matan Hausawa ke yi, ita ninka ta ta yi. Da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana, a cikin gida ɗaya. In tana son in yi wani aiki sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ya riƙe maraƙi," alhali ina tsaye gabanta. Haka na tashi ba na jin Fillanci, autarmu kuwa da shi ta buɗe baki.

Ina aji uku a elementare, kafin a sami mulkin kai, hedimasta ya ce ranar ba da hutu za a kira iyaye, kowane yaro ya fito ya yi wani abu da harshen gidansu. Makarantar ƙarama ce, amma bakin iyaka ya tara mata mutane. Akwai ɗan akawun kwastan, Bayarabe. Akwai ɗan Buzu, ubansa na kawo gishiri a raƙuma. Akwai wani da aka kawo daga Maraɗi wurin kawunsa, yana ƙirga da Faransanci. Da hedimasta ya zo kaina ya ce, "Kai, Fillanci. Uwarka ta koya maka waƙa."

Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, ɗan fari ne fa! Sai dai saniyarsu ta koya mai."

Amma hedimasta ya riga ya rubuta a allo, kuma shi ba ya goge abin da ya rubuta.

Na kai kuka wurin kaka. Ta ce, "Ashe mijin nawa waƙa zai yi gaban dattawa? To ni mi na sani a Fillanci, ban da shan nononsu?" Ta ɗaga murya yadda za ta kai bakin turmi. "Saura kwana tara, yaro zai tsaya gaban gari baki wofi!" Inna na daka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Washegari da safe ina riƙe da igiyar maraƙi, Inna na tatsa, sai ta kira auta ta zaunar da ita kusa da ƙwarya. Ta fara rera mata wata waƙa ta kiran shanu, a hankali, layi ɗaya sau huɗu.

Auta ta ce, "Inna, ai na iya wannan."

"Ba ki iya ba. Saurara."

Har fassara ta yi mata da Hausa: ana kiran shanu da launinsu, fara da ja da mai roɗi-roɗi, ana gaya musu hanyar ruwa. Ni kuwa ina bi a ƙasan maƙoshi, ina duban maraƙi. Duk inda na karkace sai ta dungure kan auta ta ce, "Ke, ba haka ba ne!"

"Ni fa ban ce komai ba!" in ji auta, tana kuka.

Kwana tara yarinyar nan tana shan dunguri a kaina. Ita ma yau babu ta.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Maza ne kawai suka zo. Ɗan Bayarabe ya kwanta rub da ciki ya gaida ubansa, dattawa suka ce lalle wannan ladabi ya kai. Ɗan Buzu ya yi tasu gaisuwar mai tsawo. Na Maraɗi ya yi ta ƙirga har sai da aka ce ya isa. Aka kira ni. Na yi baiti biyu lafiya, na uku ya ɓace mini ɗungum. Na sake farawa, na sake tsayawa a wuri guda. Babana ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Sai muka ji murya daga bayan dangar makaranta. Inna ce, da ƙwaryar nono a kai, a hanyar da ba ta kai kowa kasuwa. Faɗa take yi wa auta da ƙarfi: "Ke, sau nawa zan gaya miki? Bayan jar sai mai roɗi-roɗin!" Ta rera layin, sau biyu.

Duk wanda ke wurin ya san muryar wace ce. Ba wanda ya waiwaya. Wani dattijo ya yi tari ya gyara rawaninsa, hedimasta ya ɗaga kai yana duban 'ya'yan tsamiya. Sun rufa mata kunyarta, su duka, ba tare da sun yi shawara ba. Na kama layin na kai waƙar ƙarshe.

Da aka tashi na ruga bayan danga. Ta yi nisa, sai ƙwaryar nake hange, auta na gudu a bayanta tana waiwayowa.

Ban taɓa yi mata maganar ba, ita ma haka. Na sha yin niyya bayan na girma, sai in ga kamar zan tona abin da gari guda ya rufe.

A ranar taron, da la'asar, Inna ta dawo da nonon kusan yadda ta fita da shi, don masu saye sun watse kafin ta isa. Kaka ta ɗaga faifai ta leƙa ta ce, "Yau kuma lafiya?"

Inna ta ce, "Kasuwa ce ba ta ci ba."

"Ai kasuwar bayan makaranta dama ba ta ci," in ji kaka.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki. Kwana biyu muna shan fura a gidan, safe da rana.