Ban da Shanu, Ban da Ƙofar Gida

Ɗiyar yayana tun tana ƙarama take cika wayar uwarta da hotunan kaji. Da ta gama sakandare a garin Kaya, sai na ce zan saya mata kyamara ta gaske. Ba don ita kaɗai ba ne. Ni ina koyarwa a Talata Mafara, mahaifiyarmu kuwa tana ƙauyenmu na ƙasar Maradun wurin yayana, ga hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Kewar fuskar tsohuwa ta ishe ni.

Mai shagon waya na kusa da tasha ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya ƙatuwa ce mai tarin maɓallai, ni kaina da na ɗaga ta sai da hannuna ya yi sanyi. Ɗayar ƙarama ce, baƙa.

"Malama, wagga ta hi dacewa da mai koyo," in ji shi. "Tana da waifai. In ta ɗauka, hoton shi wuce waya ba igiya, ta turo miki nan take."

Ai daga jin haka ban ƙara kallon babbar ba. Yana cikin naɗe ta ya tambaye ni ina za a kai ta. Na faɗa masa. Sai ya zare ta daga kwalinta mai ƙyalli ya ƙulle a baƙar leda.

"Kak ki aika ta cikin kwali," ya ce.

A ƙasan kwanon ƙuli-ƙuli na tura ta, ta hannun direba.

Yayana dillalin shanu ne, yana kuma kiwon bijimai a bayan gida don kasuwar layya. Ya kira ni, muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, har na fara jiran godiya. Ina!

"Kin ɗauko muna magana," ya ce. "Nan duk wanda anka gani yana ɗaukar hoto, cewa za a yi shi ka kai ma mutanen daji labari. Ta ɗauka cikin gida kawai. Ban da shanu, ban da rumbu, ban da ƙohwar gida."

Raina ya ɓaci. A zuciyata na ce mutumin nan tun muna yara inuwarsa ma tsoronta yake.

Yarinyar ta bi doka. Kowace safiya takan tsaya gindin bishiyar darbejiyar tsakar gida, inda sabis ke ɗan kamawa, ta turo mini abin da ta ɗauka: hannun tsohuwa yana tsince shinkafa, carbinta a kan tabarma, hayaƙin murhu. Na fari duk a karkace suke, daga baya hannunta ya faɗa. Sannu a hankali na daina duba kyawun hoton. In ya shigo, sun kwana lafiya ke nan. In ya makara, sai in yi ta duba waya.

Wata rana ta kama tsohuwa tana dariya, fuska cikakkiya, har da giɓinta. Na yi kuka. Uwar yarinyar ta saka hoton a zauren dangi na waya, dangi kuma kowa ya ɗora a nasa, ana ta sa albarka.

Ranar kasuwa na je sayen nama wurin wani mahauci mutumin Damri, wanda ya san gidanmu.

"Malama, na ga tsohuwa cikin waya, tubarkalla," ya ce yana yanka. "Wancan hwarin sa na bayanta, na yayanki na? Lalle ya yi kiwo."

Na ciro waya. Can a kusurwa, ta saman zana, ga tozo da ƙaho ɗaya sun leƙo. Mu duka tsohuwa muka gani. Shi ba da mugunta ya faɗa ba, idon mahauci ne. Amma ba mahauta kaɗai ke da irin wannan idon ba, kuma ban san wayoyi nawa hoton ya shiga ba.

Na kira yayana na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"To, Allah shi kyauta," ya ce, ya kashe.

Safiya ta yi, ba hoto. Wata safiyar ma haka, wayar kuma ba ta shiga. Na riƙa shiga aji ina koyar da abin da ban san me nake cewa ba. Da hoto ya zo, turakun shanun ne kawai a tsaye da igiyoyi a ƙasa. A ƙarƙashi ta rubuta: "Goggo, Baba ya sayar da su. An ga baƙi bisa babur suna tambayar gidan mai farin sa."

Hoton ƙarshe shi ne wanda ta karya doka a cikinsa. Tsohuwa ce zaune a kan ƙullin kayanta, a bayanta ga ƙofar gidanmu gaba ɗaya, an sa mata kwaɗo.

Yanzu suna wurina, mun cika ɗakuna biyu. Fuskar da nake nema ina ganinta kullum. Bayan la'asar takan kira jikarta ta ce, "Ke, kawo abin nan naki, nuna min ƙohwata."