Velaphi Ya Je Ɗauko Ɗansa

Shekara arba'in da ɗaya Velaphi Zondi ya yi a cikin rami. Ramin siminti ne a gaban filin harbin Mista Pringle, can cikin tuddan Natal, inda masu hannu da shuni ke zuwa kowace Asabar su ɓarnatar da harsashi don nishaɗi. Velaphi na tsugune a ciki yana ɗora fayafayan yumɓu a kan inji. Mai bindiga ya daka tsawa, shi kuma ya saki faifai sama, a harbe shi ya tarwatse, a tafa. Ranakun da ba harbi yana rumfar baya, yana sake ɗura albarushi a kwanson harsashi, yana goge bindigogi da mai. Bai taɓa harba ko ɗaya ba. Ribarsa a aikin ita ce kunnen hagu da ya mutu murus, da baƙin da ya zauna masa a ƙarƙashin farce har sabulu ya sallama.

Mista Pringle mutum ne mai kyauta, in dai abin ya gama yi masa amfani. Takalmin da ya buɗe baki, hular da rana ta cinye, duk na Velaphi ne. "Ai Velaphi ɗan gida ne," haka yake gaya wa baƙi, ko da yake ɗan gidan bai taɓa wuce ƙofar kicin ba. Mafi girman kyautarsa wata jakar tamfol ce da ya shekara ashirin yana zuba harsashi a ciki. Velaphi ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye ta don ranar tafiya.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Sibonelo, kuma shi ya ƙi ramin tun yana saurayi. "Baba, ni ba gafiya ba ne," ya ce, ya hau mota sai Cape Town wajen aikin gini. Wata safiya mota ta kwashe shi a bakin titi. Aka kawo gawa, aka binne. To amma a nan wajenmu ko yaro ya san gawa daban, kurwa daban. Wanda ya mutu a waje, kurwarsa na nan tsaye a inda ya faɗi sai nasa sun je sun ɗauko ta. Uwar yaron, MaMkhize, ta daina cin abinci. Kullum da safe maganarta ɗaya: Sibonelo na can bakin titi, ruwa na dukansa.

Ɗauko kurwa ba shi da wuya, kuma ba shi da sauƙi. Ka yanki reshen magaryar kura, ka je inda mutum ya faɗi, ka kira sunansa ka ce ya shigo. Daga nan har ƙofar gida, da reshen kaɗai za ka yi magana. Ka gaya masa kowace kwana da kowane kogi don kada ya ɓata. Amma ka kuskura ka ce wa wani mai rai ko da "sannu", shi ke nan, kurwa ta sauka a nan, reshe ya koma itace. Shi ya sa ake tafiya da ɗan rakiya, ya zama bakin mutum.

Velaphi ya tafi Cape Town a motar haya, shi da reshe da jakar tamfol, da niyyar ya dawo ta hanya tare da wani ɗan ƙauyensu da ke can. Sai ga waya daga Mista Pringle: akwai babbar gasa ranar Asabar, kuma ba wanda ya san halin injin nan sai Velaphi. Ya saya masa tikitin jirgin sama na ranar Juma'a. Guda ɗaya. Har ya ba 'yan kulob labarin alherin da ya yi, suka jinjina masa.

Mama Nomvume, matar da Sibonelo ke haya a gidanta, ita ta kai shi bakin titin ranar Juma'a da hantsi. Velaphi ya durƙusa, motoci na wucewa, ya ce, "Sibonelo, ni ne babanka. Tashi mu je gida, uwarka na jira." Ya ji reshen ya yi nauyi a hannunsa, ya yi kuka ba sauti. Mama Nomvume ta zama bakinsa a tasi, ta zama bakinsa wajen karɓar takardar shiga jirgi. A ƙofar bincike aka ce iyakarta ke nan. Ta rubuta 'yar takarda ta soka masa a aljihun gaba, ta dafa kafaɗarsa ta juya.

"Yanzu layi muke bi," Velaphi ya raɗa wa reshen. "Ka tsaya kusa da ni, mutane da yawa."

Jakar ta shiga na'ura ta fito lafiya. Sai wata jami'a mai safar hannu ta ja ta gefe, ta goga wani ɗan ƙyalle a bakin jakar da tafin hannunsa, ta saka a wani akwati. Akwatin ya yi ƙara, ya nuna ja. Ta sake, ya sake.

"Baba, ka taɓa bindiga ko abin fashewa kwanan nan?"

Ta gefen hagu ta tsaya, bai ma ji ta ba. Da ta ɗaga murya, ya zaro takardar ya miƙa. Ba ta karanta ba, ta kira wani jami'i mai suna Cele, matashi mai sheƙin takalmi. Da Velaphi ya ga sunan a ƙirjinsa sai hankalinsa ya ɗan kwanta, domin sunan mutanenmu ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan Cele ya san reshen nan. Ya sani kuwa. Abin da ya ɓata lamarin ke nan.

Cele ya karanta takardar da ƙarfi, yana jan murya kamar mai wa'azi, yana kiran tsohon Mkhulu, wato kaka. "Wai tsohon nan na ɗauke da ɗansa, ba ya magana. To, Mkhulu, ina tikitin ɗan naka? Ko a ɓoye za ka shigar da shi?"

Abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Aka kai Velaphi wani ɗaki marar taga, aka zazzage jakar a kan tebur: riga ɗaya, wando ɗaya, burodi, da takalmin aikin Sibonelo da uwarsa ta ce a kawo mata. Duk abin da aka goga wa ƙyalle, ja. Shekara ashirin albarushi na shiga ɗinkin jakar nan, ba abin da zai kwana a ciki ya fito da tsarki.

"Mun shiga wani ɗaki," Velaphi ya raɗa. "Ba a nan za mu zauna ba, kada ka sauka."

"Au, ashe bakin na aiki!" in ji Cele. "Da sanda kake magana, mu ne ba mu isa ba? Mkhulu, duba nan. Ni ma kakata ta yi wannan shirmen. Amma nan ba ƙauye ba ne. Me ka zuba a jakar nan? Buɗe baki ka faɗa."

Velaphi ya ɗaga hannu ya kwaikwayi riƙe bindiga, ya nuna sama, yana nufin faifan yumɓu. A filin jirgi, mutum ya saita bindiga ya nuna sama! Rashin sani ya fi dare duhu. Dariyar ta ɗauke, jami'ar ta fita da gudu kiran shugabarsu. Velaphi bai iya rubutu ba, balle a ba shi alƙalami. Ya ƙanƙame reshen har ƙayar ta shige tafin hannunsa.

Cele bai ji tsoro ba ko kaɗan, ya san tsohon ba shi da haɗari. Haushi kawai yake ji, irin na mutumin da aka tuna masa inda ya fito a gaban abokansa. Ya fizge reshen.

"Wannan ma abu ne mai tsini, ba ya shiga jirgi."

Ya taka murfin kwandon shara, inda ake jefa robobin ruwa da almakashin fasinjoji, ya riƙe reshen a sama da yatsa biyu. Ya dubi tsohon, yana jira. Velaphi ya durƙusa, ya haɗa hannuwa. Mutum mai shekara sittin da uku, a gaban sa'an ɗansa. Cele ya saki.

"Kai! Ɗana ne!"

Kalma uku suka kuɓuce wa Velaphi, kuma da Cele ya yi su. Velaphi ya rufe bakinsa da hannu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Shugabar ta shigo, mace mai natsuwa da tabarau. Tunda ba sauran abin karewa, Velaphi ya gaya mata komai: ramin, rumfar albarushi, jakar Mista Pringle. Bai kai minti biyu ba.

"Haba, Baba, ai da ka faɗa tun farko," ta ce. "Mafarauta da 'yan kulob kullum muna ganinsu nan. Ba komai, tattara kayanka, jirginka bai tashi ba."

Cele da kansa ya ciro reshen daga shara, ya kaɗe shi, ya miƙa masa. "Ga yaronka, Mkhulu. A sauka lafiya."

Velaphi ya karɓa. Ba nauyi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kira sunan Sibonelo sau uku, a hankali, ko za a dace. Amma ba a ɗaukar kurwa sau biyu da reshe ɗaya, kuma wa zai bar shi ya dawo ɗakin nan da sabon reshe? Wani ya tura shi ta baya, wai yana tare hanya. Ya hau jirgi a kan lokaci. Bai gaya wa reshen sun tashi ba, bai gaya masa teku na ƙarƙashinsu ba.

Da la'asar ya isa gida. Dangi sun taru, an ɗaure akuya, an dafa giyar dawa. MaMkhize ta fito da sabon mayafi, ta durƙusa a ƙofar shinge, ta karɓi reshen kamar mai karɓar jariri. "Ka iso, ɗana. Shigo daga ruwan nan." Ta kai shi ɗaki tana yi masa hira, sannan ta zauna ta ci tuwon masara kwano guda, karon farko cikin mako shida. Velaphi ya tsaya yana kallonta tana ci, ya san ba zai taɓa faɗa mata ba, kuma ya tsani kansa.

Tana suɗe hannu ta ɗago kai.

"Baban Sibonelo, yaron nan bai taɓa hawa jirgi ba. Bai ji tsoro ba dai ko?"

"A'a," in ji Velaphi. "Bai ji ba."