Rabon Fotini

Duk wanda ya taɓa kai wando a rage masa tsawo a layin bayan kasuwar kifi ta Pireyas ya san Fotini. 'Yar gajeriya ce, kullum da allurai a bakinta, shi ya sa baƙi ke zaton ba ta da magana, alhali in ta tofar da su sai ka nemi hanyar gudu. Tun tana budurwa take kan keken ɗinki, a kansa ta yi furfura. Mijinta Stamatis kuku ne a jiragen dakon kaya, kuma ya fi sanin tashoshin duniya fiye da kicin ɗin gidansa. Ita ta yi renon 'yarsu, ita ta binne iyayenta, ita ta hau rufin ɗaki da ya fara yoyo, shi kuwa yana can tsakiyar teku yana soya wa ƙartai dankali. Ba wai ba ta ƙorafi ba ne, tana yi har da ƙari. Amma kullum tana cewa in ya yi ritaya za ta fanshe.

Ya kuwa yi ritayar. Ba su daɗe suna shan kofi tare a baranda ba mantuwa ta yi masa sallama. Ta fara da makullin gida, ta koma hanyar gidan burodi. Wata safiya ya fito ya same ta tana yanka tumatir, ya gyara wuyan riga ya ce, "Barka da asuba, kiriya." Haka ake kiran matar da ba a sani ba in za a ba ta kujera a cikin bas. Daga ranar ta zama kiriya. Yana yi mata godiya in ta yi masa aski, har ya taɓa tambayarta ko tana da iyali. Da zaginta yake yi da ya fi mata sauƙi.

Abu ɗaya take so, ba ta kuma ɓoye wa kowa ba: ya dube ta ya kira sunanta, ko da sau ɗaya ne. Likita ya ce wuraren ƙuruciya kan tayar da abin da ya kwanta, amma kada ta sa rai. Ta ɗauki rabin farko ta bar masa na biyun. Cikin watan Agusta ta rufe shago ta ce hutu za ta, abin da ba ta taɓa yi ba, har maƙwabta suka leƙo su ji ko rasuwa aka yi. Ta riƙo hannunsa suka hau jirgi zuwa Amorgos, tsibirin da aka haife shi, don a yi masa bikin cika shekara saba'in da biyar a can.

Yayarsa Argiro ce ta tarbe su a bakin tasha, cikin baƙaƙen kayan da ba ta cire ba tun mutuwar mijinta.

"Ranar haihuwa?" in ji ta. "Haba amarya, sai ka ce wasu 'yan Jamus? Mutum da sunansa mai albarka, ga ranar sunansa nan tafe cikin Nuwamba. Uwarmu ma da ta haife shi ba ta riƙe ranar ba."

"Yaya, ni dai ki ara mini tanderu."

"Ga shi can. Ki yi hankali da shi, ta baya yake ƙona abu."

Argiro ba za ta gane ba, Fotini kuma ba ta ɓata yawunta ba. Ranar suna, wato ranar da coci ke bikin waliyyin da mutum ya ci sunansa, ta kowa ce, duk wani Stamatis na ƙasar nan ranar yake shan gaisuwa, har da mai gyaran famfo. Ranar haihuwa kuwa tasu ce su biyu. Ita kaɗai ta riƙe ta, kuma duk inda jirgi yake sai ya bi layin waya ya kira ta, ta ji muryarsa tana yankewa tana dawowa.

Abin mamaki, tsibirin ya tashe shi. Tun a tasha ya fara kiran sunayen duwatsu da na kwale-kwalen da suka daɗe da ruɓewa. Da suka iso shagon kofin Lefteris, abokin wasansa na ƙuruciya, sai ya ja ya tsaya.

"Kai, Kunnen Jaki! Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Kai nake jira ka yi gaba, ɗan banza, ka ɗumama mini wuri," in ji Lefteris, yana rungumarsa da hawaye a gashin baki.

Fotini na biye da hularsa da jakar magani. Stamatis ya tuna sunan akuyar kakarsa. Washegari ya ba da labarin jirginsa na farko da kyaftin ɗin da ke cin tafarnuwa ɗanya. Wani yammaci kuma, suna zaune kan katangar coci, ya ce akwai wani ɗaki da ya taɓa kamawa a Pireyas, mai koriyar ƙofa. Ɗakin da aka kai ta ne tana amarya. Ta yi tsit, ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba don kada ta firgita abin. Ta ga layi yana tafiya, ta ce lallai an kusa zuwa kanta.

Ranar bikin ta tashi da wuri ta gasa revani, kek ɗin garin alkama da ake jiƙa shi da ruwan sukari da lemo. Tanderun Argiro ya cika alkawari, ya ƙona gefe guda. Ta sa shuɗiyar rigar da ta ɗinka wa kanta, ta shafa jan baki.

"Ikon Allah," in ji Argiro. "Tsohuwa za ta zance."

Da la'asar aka haɗa tebura a inuwar gaban shagon Lefteris. Tsofaffin unguwa suka zo, da limamin coci, da wasu matan da ba wanda ya gayyace su. Kowa ya sumbaci Stamatis a kumatu ya ce, "Shekaru masu yawa, ka kai ɗari!" Sannan ya juyo ga matarsa ya faɗi abin da ake faɗa wa matar mai biki, "Ki ji daɗinsa, Fotini." Ba da mugunta suke faɗa ba, gaisuwar ke nan, amma kowace ɗaya sai da ta soke ta. Ta yi ta amsawa da murmushi har kumatunta suka gaji.

Mai biki shi ke ciyar da mutane, wannan ko mantuwa ba ta iya goge masa ba. Da aka ajiye faranti sai ya miƙe ya karɓi wuƙa daga hannun Lefteris. Hannun da ba ya iya sa maɓallin riga ya shiga yanka kek ɗaiɗai, babu wanda ya fi wani, kamar yana kicin ɗin jirgi. Ya bi mutane yana miƙawa, kowa da sunansa. Ya ba Argiro ya ce ta rage surutu. Ya ba limami ya sumbaci hannunsa. Wata tsohuwa ya kira ta da sunan uwarta, aka yi dariya, ta ce ba komai, ta karɓa a madadinta.

Fotini ce a ƙarshen tebur, ita ta zaɓi wurin don ya zo kanta a natse. Ya iso, ya tsaya, ya dube ta sosai. Saura yanka ɗaya a faranti, na gefen da ya ƙone. Ta ɗago hannu.

Sai ya ja farantin baya.

"Yi haƙuri, kiriya, wannan da mai shi." Ya ɗauki takardar goge baki ya fara naɗe kek ɗin a hankali.

"Kai, kuku," in ji Lefteris, "ba za ka ba matarka ba?"

"To na wa nake naɗewa, Kunnen Jaki? Na Fotini ne. Ita gefen da ya ƙone take so, tun muna saurayi da budurwa."

Argiro ta kai hannu ta rufe baki. Fotini ta ji sunanta ya fito daga bakinsa da irin muryar da ta sani, mai taushi, ya wuce ta saman kanta ya tafi wani wuri. Nan ta gane bai manta da ita ba. Yana da Fotininsa cif, mai baƙin gashi, a bayan koriyar ƙofa, kuma wannan tsohuwa mai jan baki ba za ta taɓa kama ƙafarta ba. Baƙin ciki ya cika ta, ga shi babu wanda za ta yi fushi da shi.

Ya gama naɗewa, ya sake dubanta da fara'a.

"Kiriya, na ji kamar Pireyas za ki koma, ko?"

"Can za ni."

"Don Allah ki taimaka ki kai mata. Ki ce ta ƙara haƙuri, na kusa dawowa. Ta gaji da jira, baiwar Allah, ko da yake ba za ta faɗa miki ba."

Ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Ruwan sukari ya riga ya huda takardar yana bin yatsunta.

"Kin san gidan kuwa?"

"Na sani."

"Madalla. Kada fa ki taɓa a hanya."

"Ba zan taɓa ba," in ji Fotini.