Ranar da Na Ƙi Bin Maganar Kawu a Hanyar Iskandariyya

Abubuwa da yawa na zamanmu a Alƙahira sun fara gushe mini, amma akwai wata safiya a hanyar Iskandariyya da ba zan manta da ita ba muddin ina raye. Shekarar 2013 ce, lokacin sanyi. Muna zaune a Hayyin Ashir, maigidana yana karatu, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar yara a Ma'adi. Kullum ni nake kai kaina aiki a 'yar tsohuwar motarmu, don haka hannuna ya faɗa da tuƙin garin.

Kawuna, wan mahaifiyata, ya zo daga Gusau neman maganin yanar ido. Likitan da ya duba shi a Dokki ya ce zai yi masa aiki, amma a Iskandariyya yake yi, ranar Talata, mu kasance can ƙarfe goma. Ranar maigida yana da jarrabawa, sai tuƙin ya faɗo kaina. Kawu kuwa tsohon direban tirela ne, ya shekara talatin tsakanin Legas da arewa. Ka ga zaman irinsa a gefen direba mace ba ƙaramin haƙuri ba ne.

Gari ya waye sarai lokacin da muka isa ƙofar shiga hanyar sahara mai zuwa Iskandariyya. Nan wani ɗan sandan hanya ya leƙo ya ce in bi a hankali, akwai shabbura a gaba. Haka Misirawa ke kiran farin hazon nan mai danshi da ke kwanciya a kan titi da safe. A shekarun ana aikin faɗaɗa hanyar, shi ya sa gudun da aka yarda da shi ba ɗaya ba ne. Nan allo ya ce ɗari, gaba kaɗan ya ce tamanin, can kuma sittin. Duk allon da na gani sai in daidaita ƙafata da shi.

Kawu ba ya ganin allunan, amma kunnensa yana kan inji.

"'Yar nan, nawa kike yi?"

"Sittin, Kawu."

"Sittin a titi kamar wannan? Ga motoci suna ta wuce mu. Allunan nan fa ado ne, ba mai bin su. Taka mota, kada likita ya tashi."

Na san abin da ke damunsa. Wata shida ke nan ba ya iya karanta Alƙur'aninsa, kuma tikitinsa na komawa ya kusa. In aikin ya wuce mu, sai ya ƙara mako. Tun ina ƙarama ban taɓa musa masa ba, amma ranar na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. In mun isa ka yi mini faɗa yadda kake so. Yanzu dai ni ke riƙe da sitiyari." Ya juya fuskarsa wajen taga, ya kama jan carbi. Ni dai ban ƙara gudu ko kaɗan ba.

Hazon ya yi kauri har ban iya ganin abin da ya wuce tsawon mota uku. Sai ga allo ya ce arba'in, titin ya karkata dama inda ake aiki. Na rage. Ina shan kwanar sai na ga wani abu baƙi ya tare gabana. Babbar mota ce cike da bulo, ta mutu a tsakiyar hanya, ko fitila ɗaya babu. Na danne birki da dukkan ƙarfina. Muka tsaya, tsakaninmu da ita bai fi taku biyu ba.

Na rasa abin yi. Kawu ne ya yi magana, muryarsa a natse kamar ba shi ne mai fushi ba.

"Kada ki tsaya nan. Kunna sigina biyun. Karya dama, ki sauka cikin yashi. Maza."

Na yi yadda ya ce. Ko minti ɗaya ba a yi ba muka ji ƙarar taya a bayanmu. Wata ƙaramar bas ta fasinja ta taho da gudu, ta ja birki, ta zame ta daidai inda muka bari, ta bugi gefen babbar motar. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma na ga direban ya fito da jini a goshi, mata suna salati. Muka ba su ruwan da ke motarmu, muka jira har 'yan sanda suka zo.

Muka koma hanya. Can Kawu ya tambaya, "Allon gaba me ya ce?" Na ce sittin. Ya ce, "To, yi sittin."

Sha ɗaya ta wuce kafin mu isa. Ma'aikaciyar asibitin ta ce ma'alish, wato mu yi haƙuri, layinmu ya wuce, sai dai mu jira ko za a samu wuri. Muka zauna har bayan la'asar, sannan aka shiga da shi. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, wanda ya kafa allo a gefen hanya ya riga ni sanin abin da ke gaba, ko da ni ban ga dalili ba. Na kuma gane cewa girmama babba ba ya nufin in bi shi a kan abin da nake gani shi ba ya gani. Da na bi maganar Kawu ta farko, da ba mu kai labari ba. Da na ƙi ta biyun ma haka. Har yau in babba ya ba ni umarni ina saurara da ladabi, sannan in duba hanya da idona.