Tambayar Norman ta Biyu

Talata, Alhamis da Lahadi, ƙarfe biyu na rana, Norman Sugden yana shigowa ta ƙofar baya da rigar ruwansa da ɗan littafi a aljihu. Sai ya gangara ɗakin rediyon asibitinmu, wani ɗan tsukukun ɗaki kusa da ma'ajiyar zannuwan gado, ya rataye riga, ya hau sama. Gado-gado yake bi yana tambayar majinyata waƙar da suke so a sa musu ƙarfe shida. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ba a taɓa biyansa ko sisi ba. Tsohon direban bas ne, kuma ko sau ɗaya bai taɓa magana a rediyon ba. Ya ce muryarsa ta kiran tasha ce.

Ni Des Holroyd, turin gadon marasa lafiya ne aikina. Gara in faɗa tun yanzu: mutumin nan haushi yake ba ni. Shekara ashirin da biyu ina ɗaga mutane, ina kai su hoto, ina kai su tiyata, sun yi mini amai a takalmi ba adadi. Sunana a bakinsu "kai mai turi". Shi kuwa ya zo da biro kawai, sai katin godiya da gwangwanin biskit su yi ta sauka ƙasa da sunansa, har da na mahaifinsa.

Na taɓa ce masa, "Dattijo, me kake ba su ne? Ko asiri ka yi?"

Ya ce, "Kai a tsaye kake musu magana, Des, ta bayan kai. Ni zama nake yi. Ɗauki biskit."

Na ɗauka. Uku.

Sista Philomena, nas ɗin sashen tsofaffi, ta ba ni labarin wani tsohon mai haƙar kwal da ya ƙi abinci. Ya nemi faifan 'yan busa na raminsu, ramin da aka rufe tuntuni. Asabar uku Norman yana yawo kasuwannin gwanjo kafin ya samo shi a wani kwali da ruwa ya taɓa. Ta ce da aka sa, tsohon ya nuna kunnensa ya ce, "Kun ji wancan da ya kuskure? Ni ne." Ya cinye dankalinsa tas. Na ce mata ai ni na kai tsohon nan hoto sau biyar. Ta ce, "Sannu da aiki."

Bara aka kwantar da matata Lorraine. Ƙari ne a hanji, likita ya ce a yi aiki cikin makon nan. Ta ƙi sa hannu. Ba ta ce don me ba, ta dai juya wa bango fuska. Kwana uku ina yi mata faɗa. Na ce ta yi tunanin yara, na ce taurin kai ne irin na gidansu. Ta ce, "Des, fita ka tura gadonka."

Ranar Alhamis na shigo na tarar da labule a ja, ƙafafun Norman na leƙowa ta ƙasa. Minti arba'in. Na ƙirga. Ina jin muryarta tana tafiya ba tsayawa, matar da ta kwana uku tana ba ni kalma bibbiyu.

Na tare shi a matakala. "Me ka ce wa matata?"

"Na tambaye ta waƙa."

"Minti arba'in?"

"Sai na yi tambaya ta biyu. Kowa ina yi masa. Na ce, wa ya fara sa miki ita?"

Mahaifiyarta ce. Ita ke rera ta tana guga. A asibitin nan aka tura ta ɗakin tiyata, Lorraine na shekara goma sha ɗaya, tana tsaye a baranda riƙe da jakar uwar. Ba ta farka daga allurar barci ba. Shekara ashirin da shida ina auren matar nan, abin da na sani kawai shi ne surukata "ta rasu a asibiti". Ban taɓa tambayar yaya ba.

Norman ya nemi izininta ya gaya wa nas. Washegari likitar sa barci ta zo ta ja kujera ita ma. Kafin la'asar Lorraine ta sa hannu. Ni na tura ta da kaina, ban yarda kowa ya taɓa gadon ba. A bakin ƙofar tiyata ta kama hannuna, na sunkuya ina jiran maganar da miji ke jira. Ta ce, "Ka ce wa Norman a maimaita mini ita ranar Lahadi."

Ta farka. Tana gida yanzu tana yi mini faɗa kan tabar da nake sha a ɓoye.

Norman, kai ne ka zauna inda na tsaya ina ihu. Kai ka ji abin da ya kamata in ji tun ina neman aurenta. Har yau in na tuna, abin da nake ji ba godiya ba ce zalla. Amma matata na raye. Na gode, dattijo. Ban iya faɗinta da ado ba.

Gwiwoyinsa sun gaji, ƙarshen watan nan zai ajiye littafin. In ba a sami mai hawa sama ba, na'ura ce za ta riƙa zaɓen waƙoƙi, ita kuwa ba ta tambaya ta biyu. Duk mai awa biyu da kunne, ƙofar tana kusa da ma'ajiyar zannuwa. Ba a neman takardar makaranta, don ni ma sun karɓe ni.

Na ɗauki Alhamis, bayan na tashi aiki. Gadon farko wata tsohuwa ce. Na ja kujera, na zauna yadda yake yi, na buɗe nawa littafin. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ina Norman?"

Na ce, "Gwiwa ce, Mama. Wace waƙa?"

Ta faɗa. Na rubuta. Sannan na ce, "Wa ya fara sa miki ita?"

Ta gyara matashi. "Kana sauri ne, kai mai turi?"

Na ce a'a.