Littattafan da Aka Kulle a Kuyello

Kaduna zuwa Birnin Gwari

Ana idar da sallar asuba na rataya jakata na nufi tasha. Maiɗakina ta rako ni har zaure da doguwar addu'a, domin duk wanda ya ce zai bi hanyar Birnin Gwari sai an dube shi sau biyu.

Ga abin da ya fitar da ni. Mu malaman makaranta ne daga Najeriya da Nijar da Gana muka haɗa kai, muna rubuta darussa da Hausa muna kuma naɗar su da murya, bisa ƙa'ida ɗaya: kowa ya kwafa, ya gyara, ya fassara, ba sai ya nemi izini ba, ya dai ambaci mai asalin aikin. Bara mun aika wa wata firamare a Kuyello littattafai da ƴar na'urar sauraro. Tun daga nan shiru kake ji. A zamanmu na ƙarshe aka ce in ba a amfani da kayan, a kwaso a ba wata makaranta. Ni na kafe aka sa Kuyello tun farko, saboda haka ni aka tura, kuma ban so in dawo da kwali a ka ba.

Mota ta cika wajen ƙarfe bakwai, mu biyu a kujerar gaba, gwiwata tana gaisawa da giyar mota. Bayan Buruku aka tsayar da mu a shingen sojoji har motoci suka taru, sannan muka shiga daji a jere. Hira ta mutu, kowa ya koma tasbihi. Direban ya dube ni ya ce, "Malam, saki jikinka, kwanan nan hanya da sauƙi." Na ce masa jikina a sake yake, jakar ce na riƙe. Kafin azahar muka shiga gari lafiya. Na sauka gidan wani tsohon ɗalibina, aka kawo tuwon masara miyar kuka da man shanu, na ci har na ji kunya.

Kuyello

Washegari ni da mai babur muka kama hanya. Hanyar ƙasa ce, gonakin masara da dawa dama da hagu, sau biyu muna tsayawa garken shanu ya wuce. Da muka isa, shugaban makarantar, Malam Iliya, dattijo mai farar gemu, ya tarbe ni kamar ɗan'uwa. Bayan gaisuwa da fura, ya zaro makulli daga aljihu ya buɗe kabad.

Ga littattafanmu nan a jere cikin ledarsu, ko ƙura babu. Na'urar kuwa an naɗe ta da rawani.

"Ƙirga, ranka ya daɗe," in ji shi, fuskarsa cike da fara'a. "Ko ɗaya bai yage ba."

Na tambaye shi ko yara sun taɓa gani. Ya ce kowace Alhamis yakan fito da ɗaya ya karanta musu da kansa, ya mayar. Wani matashin malami, Buba, wanda yake jin Fulatanci, ya ce a hankali shi ya nemi ya juya darussan zuwa harshen saboda ƴaƴan makiyaya, an hana shi.

"Amana ce," Malam Iliya ya ce. "Mutanen wata ƙasa sun ba ka ajiya, sai ka sa hannu ka sauya musu magana? Gobe su zo, me zan ce?"

Haushi ya kama ni, amma na rasa inda zan sauke shi, don mutumin nan gaskiyarsa ce ta kulle kabad ɗin. Na ce masa wannan kamar irin shuka ne, an bayar don a zuba a ƙasa, maƙwabci ma ya ɗiba. Na kuma gaya masa abin da aka yanke a zamanmu. Sai ya ce, "Kai ɗan aike ne. Mai abin nake so in ji."

Mai abin kuwa Malama Zali ce, wata malama a Maraɗi, ita ta rubuta yawancin darussan. Waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu bayan makaranta. Muka hau mu uku, dattijon yana haki. Allah ya taimake ni ta ɗauka. Da ta ji bayani sai ta fashe da dariya.

"Baba, don Allah ka ba yara su yayyaga! Ni ma wajen wani malamin Kumasi na ɗauko rabinsu na gyara. Kuma Fulatancin nan muna biɗa tai nan wajenmu, in kun yi ku aiko muna."

Malam Iliya ya gyara tsayuwa. "To, tun da kin yarda, ƴata, darasinki na noma akwai gyara. Gero kika sa ko'ina. Mu nan masara muke ci."

Kafin la'asar Buba ya naɗi darasi na farko da Fulatanci a wayata, wasu iyaye biyu makiyaya suna tsaye a taga suna gyara masa lafazi. Na kwana a ɗakin baƙin Malam Iliya, na yi barci mai daɗi.

Komawa gida

Na dawo ta hanyar da na bi, ba kwali, sai damin ɗanyar masara da aka ɗaura mini a babur. Na shiga Kaduna da magariba. Na gode wa Allah, na gode wa direbobi da masu masaukina.

Bayan wasu makonni saƙo ya shigo wayata daga Buba. Hoton littafinmu ne, bango ya ɓalle, gefe ya sha manja, an soke gero da biro an rubuta masara. A ƙasa ga muryar Malam Iliya: "Ranka ya daɗe, ka gaya wa Malama Zali mun lalata mata kaya sarai. A ƙaro."