Injiniyan da ya shanye mini kwanon rufi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na gane Injiniya Mansur ya shanye mini kwanon rufin gidana ba. Shanyewa nake nufi, ta maƙogwaro.

Ni direba ne a kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Mu'aither, can ƙasar Larabawa. Karatuna bai wuce firamare ba. Aikina in kwashi ma'aikata da kayansu da safe, in kai su gidajen Al Thumama, in dawo da su. Mu 'yan Najeriya da ke wurin muka kafa adashe: duk ƙarshen wata kowa ya yi zubi, mutum ɗaya ya kwashe. Muka ba Injiniya riƙon kuɗin, don shi ne shugaban sashenmu, albashinsa ya ninka nawa sau ban san adadi ba. Wa zai yi tunanin mai wannan albashi zai taɓa na direba?

Kwasata ta faɗo gab da damina. Gini na tsaye a Funtuwa ba rufi, mai gidan haya ya ba iyalina wa'adi. Na riga na ce wa uwar yara ta kira kafinta. Na je ofis, Injiniya ya ce banki ne ya riƙe kuɗin. Sati na zagayowa ya ce kafil, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, bai sa hannu ba. Me ya haɗa kafil da adashe? Na koma, sai ya ɗaure fuska, ya ce, "Malam Sale, ka cika gajen haƙuri. Yalla, kama hanya, mutane na jiranka a mota."

A motar ne Bitrus ya dube ni. Bitrus mutumin Kafanchan ne, makanikin da ya fi kowa hannu a wurinmu, kuma mashayi ne, bai taɓa ɓoyewa ba. Kullum ina masa tsiya, yana ce mini limamin sitiyari. Ya ce, "Malam, daina wahalar da takalminka. Kuɗinka na otal."

Ga wanda bai san garin nan ba: ba a sayar da giya a shago. Wanda ba Musulmi ba yana iya samun takardar izini ta hannun kamfaninsa, ya sayo ya sha a ɗakinsa. Injiniya kuwa Musulmi ne, ba shi da wannan hanya, sai manyan otal, inda kofi ɗaya ya fi kuɗin cefanena na kwanaki.

Bitrus ya ce, "Kai kwalba kawai kake gani. Akwai tasi zuwa da dawowa, don wanda ya sha ya tuƙa a nan ya gama yawo. Akwai nama. Akwai abokan da ba sa taɓa aljihunsu. Akwai ranar da ka kasa tashi a yanke maka albashi. Duk Alhamis fa, Malam. Ni na sani, da ƙannena biyu ya kamata su gama makaranta, ni na shanye su."

Na ce zan kai ƙara wurin manaja. Ya ce in na kai za a kori Injiniya, a sa shi a jirgi, kuɗina ya bi iska, a kuma ce halin 'yan Najeriya ne. Da muka wuce titin Corniche na bakin teku, sai ya ce, "Wata mai zuwa kwasata ce. Ɗauki. Ni zan jira naka da ke hannun Injiniya."

Na ce, "Kai da me za ka rayu?"

Ya ce, "Da kuɗin kwalba. Khalas, shi ke nan, na ajiye ta. Dama ina neman dalili."

Na ɗauka cika baki ne. Wallahi sati biyun farko hannunsa na rawa a kan sukurdireba, ya zagi kowa har ni. Amma bai koma ba. Ya mayar da takardar izininsa. Aka rufa gidana, ruwan farko ya samu yarana a ƙarƙashin kwano. Shi kuma ya bi Injiniya wata bayan wata, yana tsaye a ƙofar ofis ranar albashi, har ya karɓe nasa tas. Na zauna da masu digiri da masu carbi, ban ga namiji irin Bitrus ba. A aikin nan na koyi cewa babban albashi ba ya cika aljihun da ke yoyo duk Alhamis.

Da za mu buɗe sabon zagaye, muka ba Bitrus riƙo. Sai ga Injiniya ya same ni ina wanke mota, yana murmushi, wai a sa sunansa, abin da ya wuce ya wuce.

Na kashe famfo, na dube shi ido cikin ido, na ce, "Yallaɓai, ni ban yi boko ba, amma na san zubi iri biyu ne. Mu muna zubawa a adashe, kai kana zubawa a cikinka. Wanda kake kira mashayi ya bar kwalba don kada ruwa ya daki 'ya'yana. Kai da muke sahu ɗaya ran Juma'a ka shanye rufinsu. Je ka yi adashenka da masu otal, su ne ba ka taɓa ce wa banki ya riƙe kuɗi ba."